Awa Ɗaya a Shagon Mai Sikeli

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin ma'aikatar ƙwadago da 'yan rakiyarsa, baƙonmu masanin harkokin aiki da ya tsallako ruwa ya zo mana, shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata, masu kamfanoni, da waɗanda injinansu ke juyawa da waɗanda allon suna kawai ya rage musu a bakin ƙofa, malamanmu da iyayenmu maza da mata, 'yan jarida, sai 'yan'uwana 'yan kasuwa da suka cika kujerun baya, da waɗanda ba su samu kujera ba suna leƙe ta taga: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zan fara da godiya, domin godiya aka kira ni in yi. A takardar tsarin taro an rubuta cewa sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa zai yi jawabin godiya. To, na gode. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama. Na gode da aka damƙa wa talaka lasifika a hannu, abin da ba kullum ake yi ba. Na kuma gode da littafin nan na sabuwar manufar samar da aikin yi ta ƙasa da aka aiko mana tun makon jiya, shafi casa'in da shida, takarda mai santsi. Na karanta shi kaf. Kada ku yi mamaki. Na yi aji uku a sakandare kafin kasuwa ta ɗauke ni, kuma shekarata talatin ina dillanci, sana'ar da in ba ka iya karanta ƙananan rubutun gindin takarda ba, sai ka wayi gari ka sayar wa mutum gidan da yake kwana a ciki.

A bakin ƙofa an miƙo mini wata takarda aka ce ita zan karanta. Tana aljihuna, lafiyarta ƙalau. Na ga an riga an raba wa 'yan jarida irinta, saboda haka ko na karanta ko ban karanta ba, gobe za ku ji na faɗe ta. Ku bar ni in yi amfani da 'yan mintunan nan in faɗi wadda ba a raba ba.

Magana uku na zo da ita. Ta farko a kan littafin nan, ta biyu a kan ƙidayar da aka yi mana bara, ta uku a kan teburin can na bayan zaure wanda jami'i ke zaune a kai shi kaɗai tun safe. Duka ukun kuma a kan mutum ɗaya suke, yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana cikin zauren nan. Na yi masa alkawari ba zan ambace shi ba, kun dai ga yadda dillali ke cika alkawari. Abin da zan iya cika masa shi ne ba zan nuna shi ba, ba zan ko dubi ɓangaren da yake zaune ba har in gama.

Magana ta farko. A shafi na huɗu an ce ƙasarmu ta amince da ƙa'idojin ƙwadago na duniya, kuma ƙa'idojin sun nemi abu uku: duk mai iya aiki da yake neman aiki ya samu, aikin ya zama mai amfani, wanda zai riƙe mai yinsa, kuma mutum ya zaɓi aikinsa da kansa, ba a tura shi ba. Jama'a, na san kaya mai kyau in na gan shi, kuma wannan kaya ne mai kyau. Ba ni da ja a kan harafi ɗaya. Da a ce ni aka ba tallarsa, da kafin azahar ya ƙare. Amma duk wanda ya taɓa sayen kaya ya san tsakanin abin da aka nuna maka a shago da abin da aka kai maka gida akwai tafiya, kuma a tafiyar nan ake sauke wasu buhuna. Ina so in ba ku labarin inda aka sauke yayana.

Shekara talatin da uku ya yi a kamfanin kwanuka da bokitai da ke bayan tashar mota. Shi ne mai gyaran injin matse ƙarfe. In injin ya canja kuka, tun daga ƙofar shiga yake ji, ya ce wa yaransa ku kashe na uku, bel ɗinsa zai tsinke. Aikin ya cinye masa kunne ɗaya, ya bar masa ɗaya. Da albashin nan ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, da shi ya binne mahaifinmu, da shi kuma ya biya mini makarantar da na gudu na bari. Shekara uku da suka wuce, wata Litinin da safe, ma'aikata ɗari huɗu da wani abu suka tarar da sarƙa a ƙofa da takarda manne a bango. Wasu suka koma ƙauye. Wasu suka tafi inda har yau ba a ji labarinsu ba. Kusan saba'in, dattawan cikinsu, waɗanda shekaru suka yi wa yawa su fara sabon abu kuma suka yi wa kaɗan su kwanta, suka rage mana a unguwa.

Mai girma shugaba, ban sani ba ko ka taɓa ganin magidancin da ya saba fita ƙarfe bakwai ya wayi gari ba inda za shi. Yunwa ba ita ke fara kama shi ba. Abin da ke fara kama shi shi ne hantsi. Rana ta ɗaga, mata sun fito tsakar gida da wanke-wanke, yara sun tafi makaranta, shi kuwa yana ɗaki ya rasa inda zai ajiye ƙafarsa. In ya yi tari a ji, in ya fito a matsa masa. Wata guda Yaya ya yi a haka, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Mu 'yan kasuwa ba mu da manufa mai shafi casa'in da shida. Abin da muke da shi benci ne. Ba taro muka yi ba, ba wanda ya rubuta komai, kowane mai shago dai ya janyo mutum ɗaya ya ƙirƙiro masa abin yi. Wanda ya shekara ashirin yana hura tanderun kamfani, mai gyaran wuta ya ɗauke shi riƙon tsani. Tsohon mai kula da sito muka tsayar da shi a ƙofar yamma yana nuna wa masu kura hanya, ƙofar da kuraye suka shekara arba'in suna wucewa ba wanda ya nuna musu. Yaya kuwa, abokinsa na ƙuruciya mai sayar da hatsi, wanda duk kasuwa ke kira Mai Sikeli, shi ya je har gida ya ce masa, "Injiniya, sikelina na cutar da ni, kuma yaran yanzu ba su san ƙarfe ba. Ka taimake ni ka riƙa duba mini shi."

Tun daga ranar Yaya ke fita ƙarfe bakwai da akwatin kayan aikinsa. Ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga ƙofar shago, ya goge sikeli, ya gwada shi da duwatsun awo. Ƙarfe takwas ya gama. Daga nan sai benci har la'asar. Ƙarshen mako Mai Sikeli ya auna masa hatsi ya ce ladan gyara ne. Sikelin nan kuwa, jama'a, babu abin da ke damunsa. Na sha ganin Mai Sikeli da idona, in an tashi kasuwa, yana sa sukundireba yana sassauta kusa ɗaya, don gobe Injiniya ya tarar da abin ɗaurewa.

Wannan a wurinmu sunansa rufin asiri. Ba mu taɓa kiransa aiki ba. Sai da aka zo ƙidaya.

Magana ta biyu ke nan, kuma a nan ne nawa laifin yake, don kada a ce na zo ɗora wa gwamnati kaya na koma gida hannu sake. Bara aka aiko mana malamar ƙidaya, yarinya mai ladabi, da 'yar na'ura a hannu, aka ce za a san masu aiki da marasa aiki a kowace unguwa. Ni aka haɗa ta da ni in zaga da ita, tunda ni ne sakatare. Na zauna na yi lissafin dillalai. Na ce a raina, mai kuɗi in zai kafa kamfani ba ya zuwa unguwar malalata, gwamnati ma in za ta yi rabo tana son inda za ta ga haske. Shekara talatin ina sayar da gidaje, ban taɓa fara nuna wa mai saye inda rufi ke yoyo ba. Saboda haka tun ana jibi za ta zo na bi layi layi ina cewa, "Kowa ya sa riga mai kyau. Kada wanda ya kunyata mu. In an tambaye ka, kana da sana'a." Ban sha wahalar shawo kan kowa ba. Abin da suke so su ji na faɗa musu.

Muka iso shagon Mai Sikeli wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Yaya na kan benci. Mai Sikeli na tsaye. Kuma cikin ƙaddara mijin babbar 'yar Yaya ya zo awo, yana durƙushe yana gaida surukinsa. Yarinyar ta duba na'urarta ta ce, "Baba, a cikin kwana bakwai da suka wuce, ka yi wani aiki, ko da na awa ɗaya ne, wanda aka biya ka da kuɗi ko da kaya?"

Yaya ya juyo mata da kunnen da ke ji, ya sa ta maimaita. Ta maimaita da ƙarfi, har maƙwabtan shago suka miƙo wuya. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "'Yata, na yi miki kama da mai zaman banza?"

Ta ce, "A'a Baba, yi haƙuri, a rubuce tambayar take."

Ni kuma da ba a tambaye ni ba na ce, "Ai Injiniyan kasuwa ke nan. Duk sikelin layin nan a hannunsa yake."

Ta danna. Sannan, don in yi mata adalci, ta yi tambaya ta gaba. Ta ce, "Baba, da za ka samu ƙarin aiki a kan wannan, kana so?"

Ya dubi surukinsa, ya dubi Mai Sikeli, ya ce, "Wanda Allah Ya ba ni ya ishe ni."

Ta danna. Ta ce, "Mai ɗakinka fa, tana wani aiki?"

Ya ce, "Tana gida. Ni nake riƙe da gidana."

Ta danna, ta yi godiya, muka wuce shago na gaba, inda mai riƙon tsani ya shaida mata shi ma'aikacin lantarki ne.

Bari in gaya muku abin da matar Yaya ke yi a gidan da aka ce tana ciki. Wani tela ke kawo mata yankakkun kayan makaranta a buhu, ita ke haɗawa. Daga ta idar da sallar asuba take hawa keken ɗinki, ba ta sauka sai idonta ya fara ruwa. Ba takarda tsakaninta da telan, ba hutu, ba ranar ciwo. In allura ta huda mata yatsa ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Ƙarar keken nan ita ce tukunyar gidan. To a na'urar gwamnati, matar da ke aikin awa goma sha biyu an rubuta ta ba ta aiki kuma ba ta nema, mijin da ke aikin awa ɗaya an rubuta shi yana da aiki kuma ya ƙoshi.

Ku buɗe shafi na sittin da ɗaya. Ina jira, ku buɗe. Akwai akwati mai launin kore. An ce ga wata unguwa abar koyi, wadda kamfani ya rufe mata amma kasuwarta ta shanye ma'aikatan ba tare da taimakon hukuma ba, har cikin kowane mutum ɗari, casa'in da bakwai na da aikin yi. Unguwarmu ce. Hoton da ke gefe, ƙofar yamma ce, ga tsohon mai sito can yana ɗaga wa kura hannu. Saboda akwatin nan mai launin kore aka gayyace ni yau in yi godiya.

Da abin ya tsaya a hoto da na haƙura, na ma sayi firam. Amma cikin watan jiya aka sanar cewa a ƙarƙashin manufar nan za a buɗe cibiyar gyaran injinan ban-ruwa, ana neman ƙwararrun masu gyara su yi aiki su kuma koyar da matasa. Aiki na sosai, mai takarda, mai albashi, mai asibiti. Sharaɗi biyu: kada mutum ya wuce shekara hamsin da biyar, kuma sunansa ya kasance cikin rajistar marasa aikin yi. Rajistar kuwa daga ƙidayar bara aka ɗebo ta. Yaya shekararsa hamsin da huɗu. In wannan ta wuce shi, babu wata a bayanta. A faɗin garin nan ban san mutum uku da suka san ƙarfe kamarsa ba, kuma sunansa ba ya ciki, saboda yana da aiki.

Ranar da labarin ya iso gida, matar Yaya ta tsayar da kekenta, abin da ba ta yi ko don baƙo. Tsakanina da ita akwai wasa tun tana amarya, amma ran nan ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Sarkin baki, sannu da ciniki. Ka tsuga wa yayanka kuɗi har ya fi ƙarfin masu saye."

Na ce, "Ai gyara za a yi, ofis ne, na san mutane."

Ta ce, "Ka san mutane. Shi ya sa muke nan."

Sau shida na je ofishin. Ɗaki ne mai taga ɗaya, fayiloli har rufi, da magatakarda mai haƙuri wanda ba zan ga laifinsa ba. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ce, "Alhaji, ka gani, yana da aiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban je Makka ba, shi ma bai da aiki. Duka biyun kallon riga ne."

Ya yi dariya ya ce, "Ni dai abin da ke gabana nake gani. Da bakinsa ya faɗa."

Na ce, "Da bakina ya faɗa."

Ya ce, "To babu gurbin wannan a fom."

Ɗazu kafin a buɗe taro na tare baƙonmu masani a bakin matattakala, ta bakin mai fassara na tambaye shi, shin da gaske ne a duniya awa ɗaya aiki ce? Ya ce da gaske ne ana tambayar awa ɗaya, amma ma'auni ne na auna ƙasa baki ɗaya, don a kwatanta bana da bara, kuma akwai wasu ma'aunai a gefensa na gane wanda aikinsa bai kai ya kawo ba. Ya ce ba a yi shi don a tsaya da shi a ƙofa ana tace wanda zai shiga ba. Na gode masa, kuma ga shi nan zaune, in na yi masa ƙari ya ɗaga hannu. Mu 'yan kasuwa mun san wannan. Sikelin da ake auna lodin mota da shi ba a auna zinariya da shi. In ka ɗora zobe a kai zai ce maka babu komai, kuma ba ƙarya ya yi ba, kai ne ka kai shi inda ba wurinsa ba.

Magana ta uku, teburin can. Bayan zirga-zirgarmu, hukuma ta yi mana sassauci, kuma na yaba. Aka ce duk wanda aka rubuta ba daidai ba yana iya gyarawa. Sai dai ya zo da ƙafarsa, ya tsaya gaban jami'i da shaidu biyu 'yan unguwarsu, ya furta cewa ba shi da aikin yi, ya sa hannu. Aka ce yau ce ranar ƙarshe, ƙarfe huɗu za a rufe. Aka kuma kawo teburin cikin zauren nan, gaban manyan baƙi da kyamarori, don a ga yadda ake sauraron talaka. Ku waiwaya ku gani. Tun ƙarfe tara jami'in nan ke zaune da fom ɗari, ya jera biro uku, ko ɗaya ba a buɗe ba. Dattawan nan saba'in, fiye da rabinsu suna cikin zauren nan da rigunansu masu kyau. Gobe za a rubuta rahoto cewa an ba da dama ba wanda ya zo gyara, ashe ƙidaya ta yi daidai.

Shekaranjiya da la'asar na sami Yaya a ƙofar ɗakinsa, ya baje sufanu a kan buhu yana shafa musu mai ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na ce, "Yaya, awa ɗaya ce ta hana ka, minti biyar za su gyara."

Ya ce, "A gaban wa?"

Na ce, "Jami'i, da shaidu biyu."

Ya ce, "Su wa?"

Na ce, "Ni da Mai Sikeli."

Ya daɗe yana goge sufana ɗaya. Sannan ya ce, "Auta, mutumin da ya shekara uku yana sassauta kusar sikelinsa da yamma don in samu abin ɗaurewa da safe, shi zan tsaya a gabansa in ce ba ni da aiki? In ce masa duk wahalar da ya yi ta banza ce?"

Jama'a, ashe ya sani. Tun ranar farko ya sani. Mutumin da ke jin bel zai tsinke daga ƙofar kamfani, shi za a ɓoye wa kusa? Shekara uku wannan na kwancewa wannan na ɗaurewa, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri, ba wanda ya taɓa ɗaga ido.

Na ce, "Yaya, yaran fa? Matarka idonta ya kusa tafiya."

Ya ce, "Na sani. Tashi ka ba ni wuri."

Saboda haka, mai girma shugaba, ga roƙona, kuma ba na kuɗi ba ne, kada wakilin ma'aikatar ƙwadago ya gyara zama. Ina roƙo a raba ƙidaya da rajista. Ƙidaya ta auna ƙasa, rajista ta saurari mutum. Ina roƙo in za a tambayi magidanci halin da yake ciki, a tambaye shi a ɗaki, ƙofa a rufe, ba a bakin shago gaban surukinsa ba, kuma kada a sake a haɗa mai tambaya da irina. Ina roƙo in za a rubuta aikin mace, a tambaye ta da bakinta, a tambaye ta ƙarfe nawa take farawa, ƙarfe nawa take tashi, da wa ke da alhakinta in ta ji ciwo. Ina roƙo in an ce an samar da aiki dubu kaza, a gaya mana nawa ne a ciki ke ciyar da gida daga Asabar zuwa Juma'a, domin in riƙon tsani aiki ne, to mu a kasuwa mun riga gwamnati cika alkawari, kuma talaucinmu na nan inda yake, sai dai ya sa riga mai guga. Sannan ina roƙo, yau, yanzu, a ɗauke teburin can a kai shi ƙaramin ɗakin da ke gefen matattakala, a saki labule, a yafe shaidu. Mutumin da ya zo da ƙafarsa ya ce ba shi da aiki, wallahi ya riga ya biya abin da ya fi shaida tsada.

'Yan'uwana na kujerun baya, saura ku. Ni na ce ku sa riga mai kyau, ni na ce kada ku kunyata mu, kuka bi ni. To ku saurara. Rabona da in sayar da gida, ko fili, ko da kangon shago, wata goma sha ɗaya ke nan. Masu gida yanzu a waya suke tallarsu, ba mai neman dillali. Kullum ina fita da jaka a hammata, jakar kuwa tsofaffin takardu ne a ciki. Ofishin ƙungiya da kuke ganina a ciki ina ta rubuce-rubuce, shi ne nawa bencin. Ni ma a na'urar yarinyar nan ina da aiki, na ma ce mata aikin ya yi mini yawa. Uwar 'ya'yana tana zaune a layin mata, yau ta fara ji, ko kuma ita ma ta daɗe da sani, ban sani ba. Ni sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, a gaban shugaba, a gaban baƙi, a gaban surukaina biyu da nake hange, ina shaida muku ba ni da aikin yi. Ga shi na faɗa, rufin zauren bai faɗo ba. In na sauka daga nan teburin can na nufa, ko an saki labule ko ba a saki ba. Wanda ya ga zai iya, ya biyo bayana, ya ce ni na ja shi, kamar yadda na ja shi bara.

Yaya, na cika maka rabin alkawari, ban dube ka ba tun da na fara. Yanzu zan duba. Ba sai ka yi magana ba, in na zo wucewa ta layinku ka miƙe kawai, ni zan…

Mai Sikeli, ina yake? Kujerar da ke kusa da kai, jikin ginshiƙi, ba kowa a kanta.

Tun yaushe?

Jama'a, ku yi mini haƙuri. Mai Sikeli ya ce tun da na ambaci kusar sikeli Yaya ya ɗauki hularsa ya fita.

Na ji ƙararrawa, ranka ya daɗe, na san lokacina ya cika. Bakin nan nawa shi ya sa aka rubuta yayana cikin masu aiki, yau kuma shi ya fitar da shi daga ɗakin da za a gyara. Na zaci in na tona nawa asirin tare da nasa zai zo masa da sauƙi. Lissafin dillali ne, karo na biyu. Shago a rufe yake tunda mai shi yana nan, kuma ko a buɗe yake, bencin nan ba zai sake zaunuwa gare shi ba, na ƙone shi yanzu a gabanku. Gida kuwa shekara uku bai taɓa komawa kafin la'asar ba. Ban san inda zan fara nemansa ba.

Agogon bango ya ce biyu da kwata. Ban janye ko ɗaya daga roƙona ba, amma in duka sun yi yawa, a bar mini ɗaya: kada a naɗe fom ɗin can kafin huɗu ta cika, ko da zauren ya watse, ko da an kwashe kujeru. Mai Sikeli, tashi ka bi ta bayan tasha wajen tsohon kamfani, ni zan sa hannu a teburin can in bi ta bakin kasuwa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon ganin abin da takarda ba ta nuna ba. Allah Ya sa manufar nan ta isa gidajen da aka rubuta ta dominsu. Allah Ya ba mai nema aikin da zai riƙe shi, Ya ba mai aiki ladan guminsa, Ya sassauta wa matan da ke ɗauke da gidaje ba a rubuta su ba. Allah Ya rufa mana asiri rufin da ba zai hana mu abinci ba. Allah Ya huci zuciyar wanda na ɓata wa, Ya juyo da ƙafarsa kafin ƙarfe huɗu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.